Babban Yatsan Baffanta

Ranar Talata nake zuwa, da hantsi, domin na yi dogon nazari na gano cewa babu Bahaushen da zai taka gidan caca ranar Talata da hantsi. Likitocinmu suna asibiti, injiniyoyinmu suna ofis, direbobinmu suna layi a filin jirgin Dulles, a nan Amurka, suna jiran fasinja. Ni kuwa Talata ce ranar hutuna daga wani katafaren gini marar taga a Sterling, inda ake biya na in yi gadin na'urorin da ba sa amsa sallama. Kuma ba na zuwa na kusa. Sai in ɗauki hanya in tsallaka har West Virginia, in bar motata can ƙarshen fili, bayan bas ɗin da ke kwaso tsofaffi. A shekarun nan ina ganin kaina mai dabara ƙwarai.

Wasan da nake bugawa shi ne foka, irin marar iyakar nan. Ga wanda Allah ya tsare bai sani ba, ana ba kowa kati biyu a kife, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiyar tebur, uku da farko, sai ɗaya, sai ɗaya, kowa ya haɗa nasa da na tsakiya. Idan wani ya zuba kuɗi, ko ka bi shi da daidai abin da ya zuba, ko ka ƙara, ko ka jefar da katinka ka haƙura. Rashin iyakar shi ne mutum na iya tura duk abin da ke gabansa a lokaci guda. Mai kati mai ƙarfi yana turawa. Wanda ba shi da komai shi ma yana turawa don ya tsorata ka, wannan ita ce burga. Duk sana'ar ita ce ka gane wanne ne zaune a gabanka. Ban zo nan in yi tuba ba, wannan tsakanina ne da Mahaliccina, kuma masu wa'azi ba su yi mana ƙaranci ba.

Na iya karatun mutane, wannan ba yabon kai ba ne. 'Yan ƙasar nan tun suna ƙanana ake koya musu su kalli mutum cikin ido su faɗi abin da ke ransu, sai su girma su zo teburin caca da wannan tarbiyyar. Akwai wani ɗan kwangila mai jan wuya da muke yawan haɗuwa, wanda duk lokacin da katinsa ya yi kyau sai ya fara tambayata daga wace ƙasa nake, kuma ko akwai zakuna a garinmu. Akwai wata tsohuwa da ke daina tauna cingam idan ta yi burga. Wanda ya taso a gidan da ake gane fushin uba daga yadda ya dire buta, ba zai sha wahalar karanta waɗannan ba.

A lokacin ina neman aure. Nas ce a wani asibiti, tana zaune a Wheaton da wata ƙawarta. Idan ta tashi daga aiki da safe takan kira ni daga cikin mota, ta ce in yi ta surutu kada barci ya sace ta a hanya, ni kuwa in yi ta ba ta labaran banza har in ji ta kashe injin a ƙofar gida. Ina son ta, ban da wata hanyar faɗin wannan da ta fi haka. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, sai ƙaninsa ya ɗauko ta daga Kano ya riƙe ta, ya yi mata karatu. Baffa take ce masa, kuma shi ne waliyyinta. Injiniya ne mai ritaya a Upper Marlboro, ɗan sahun farko a masallaci, mai babbar riga ko da ƙanƙara na zuba, wanda ake kira idan miji da mata sun kai ga jifa da tukunya. Ita kuwa a wurinta, in an ce mutumin kirki, to shi ake nufi, sauran jama'a suna ƙoƙari ne kawai.

Na je gaishe shi har na haddace zanen kafet ɗin falonsa, domin shi nake kallo tun daga sallama har a ba ni izinin tafiya. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Ana bincike." Gwamnatin Amurka ma da ta tona asalina kafin ta ba ni takardar zama ba ta ja lokaci haka ba.

To, wata Talata aka nuna min kujera a wani tebur, na ja na zauna. Daura da ni akwai wani dattijo da hular hana-sallah, da baƙin tabarau, da rigar sanyi ta wata ƙungiyar ƙwallo. Ban gane fuskar ba. Zoben azurfar da ke ɗan yatsansa na gane, domin na sha ganinsa yana miƙo min kofin shayi. Kafin ƙwaƙwalwata ta yanke shawara, jikina ya riga ya yanke. Na zame daga kujerar na rusuna, bakina ya fara, "Baba, ina kwa..."

Ya dube ni ta cikin tabarau, ya ce da Turanci, da muryar hancin nan ta 'yan ƙasa, wai yaya nake, abokina.

Abokina! Mutumin da ban taɓa zama a kujera ɗaya da shi ba. Sai na yi kamar igiyar takalmina nake ɗaurewa, na koma na zauna. Ashe shi ma nazarin da na yi ya yi, har ya fi ni zurfi, domin ya wuce gidajen caca na jiharsa ya yi doguwar tafiya don ya zo inda babu wanda ya san shi. Hausawa biyu masu dabara, kowa ya guje wa jama'a, suka haɗu a tebur ɗaya.

Na yi tunanin tashi. Amma sai na ce wa kaina tashi na nufin na gane shi, kuma tunda ya zaɓi cewa ba mu san juna ba, ni wane ne da zan ƙaryata dattijo? Haka na lallashi kaina. Mai raba kati ta jefo min biyu, na ɗauka.

Nan na gamu da matsalar da babu littafin foka da ya taɓa ambata. A wannan wasa fuska ake kallo. Ni kuwa wuyana ya ƙi. Zan iya zuba wa ɗan kwangila ido har ya yi gumi, amma da zarar wasa ya zo kan Baffa sai kaina ya sunkuya da kansa, kamar muna falonsa. Tunda babu kafet, sai idona ya sauka a kan hannuwansa. Na hagu yana dafe da katinsa. Na dama yana gefen tebur, rabi a ɓoye.

Can ya shiga wani zagaye da ɗan kwangilar nan, ya tura kuɗi mai yawa. Sai na ga babban yatsansa na dama ya fara tafiya a kan gaɓoɓin sauran yatsun, gaɓa bayan gaɓa, daga ƙaramin zuwa manuni, ya dawo. Duk wanda ke teburin in ma ya gani zai ɗauka ƙaiƙayi ne. Ni na san wannan tafiyar, da ita na taso, ita ake yi bayan sallame sallah idan babu carbi. Ɗan kwangila ya bi shi, aka buɗe kati, Baffa ba shi da komai. Zagaye na gaba da ya zuba da ƙarfi, hannun yana kwance shiru, da aka buɗe kuwa katinsa ya cinye na kowa. Na ci gaba da lura, abin bai saɓa ba. Idan yana da kati, yatsa na hutawa. Idan burga ce, yatsa na istigfari.

Na kusa yin dariya a fili. Wato zaman gidan cacar bai dame shi ba, kuɗin jama'a da yake tarawa a gabansa bai dame shi ba, ƙaryar da ke cikin burgar ce kaɗai ta tsaya masa a rai, har yake neman gafararta nan take kafin ta huce. Na ji wani irin daɗi marar kyau. Duk zaman da na yi a ƙasa ina kallon kafet, yau ga ni na san wani abu game da shi da ko matarsa ba ta sani ba.

Na yi ta kauce masa. Duk zagayen da ya shiga sai in jefar da katina, ko da mai kyau ne. Har aka ba ni kati biyu masu lamba goma, na zuba tun kafin wasa ya iso kansa, kowa ya janye, shi kaɗai ya bi. Aka shimfiɗa tara, da biyar, da biyu. Gomomina sun fi duk abin da ke tebur, na zuba, ya bi. Aka buɗe sarki, wanda in yana da irinsa a hannu ya wuce ni. Ban zuba ba, shi ma bai zuba ba. Aka buɗe na ƙarshe, uku, katin da bai canja komai ba. Na ƙwanƙwasa tebur alamar ba zan zuba ba. Sai ya sa hannun hagu ya tura duk abin da ke gabansa tsakiya, a hankali.

Na dubi hannun dama. Yatsa na gudu.

Ban taɓa daɗewa a kan shawara kamar ranar ba. Maganar kati ta ƙare, na san na fi shi. Abin da ke gabana shi ne, in na bi, na tsiyata surukina a gaban baƙi, ya tashi da hular hana-sallarsa ya fita hannu rabbana, kuma ni ne sila. In na jefar, na sayi 'yarsa ke nan da gomomi biyu, kuma mutum irinsa zai gane, ya raina ni har abada. Sai na shiga tambayar kaina wane irin miji dattijo yake so wa 'yarsa, matsoraci ko mai tsayawa a kan abin da ya sani? Hujjoji suka riƙa zuwa min a layi, kuma abin mamaki dukkansu ɓangaren kuɗin suke goyon baya. Mai raba kati ta dube ni. Ɗan kwangila ya ce in yi sauri, shi yana da jikoki da yake son ya ga girmansu.

Na tuna muryarta a waya da safe. Wallahi na tuna. Sannan na tura nawa na ce na bi.

Yatsan ya tsaya cak. Ya juya katinsa, biyar biyu, ga kuma ta uku a tebur tun farko. Uku iri ɗaya sun fi biyu, ko yaro ya san wannan. Ɗan kwangila ya yi fito. Baffa ya jawo tulin gabansa da hannu biyu, ya ce min da Turancin hancinsa wai na yi ƙoƙari, abokina.

Na fito rana na dukan fili. Na taka har can ƙarshe inda na ɓoye motata, sai na tarar da tasa a gefenta, domin shi ma nan ya ga ya fi sirri. Ban daɗe ba na hango shi tafe. Ya buɗe motarsa, ya cire hular da tabarau ya jefa ciki, ya juyo, sai ga Baffa sak, har da tabon sallah a goshi. Na durƙusa a kan kwalta.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya aiki? Ya mutanen Sterling? Kana jin labarin gida?"

Muka yi gaisuwa cikakkiya, babu abin da aka tsallake, har ya tambayi jikin mahaifiyata. Sannan ya jingina da mota.

"Tafiyar yatsan ta farkon nan gaskiya ce," in ji shi. "Hannu ya saba, ban ma san yana yi ba. Sai na ga wuyanka ya tsaya wuri ɗaya. Na ce yaron nan an yi masa tarbiyya, ba zai kalli fuskata ba. To ina zai kalla?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Binciken ya ƙare. Ba zan ba ɗan caca 'yata ba."

Nan fa raina ya ɓaci. Aljihunsa ya yi nauyi da kuɗina, ƙurar teburin ba ta bar hannun rigarsa ba, yana ce min ɗan caca. Na ce, kaina a ƙasa, "Baba, amma ai..."

"Amma ai ni ma. Na sani. Shi ya sa. Kai kana zato ka san abin da teburin nan yake yi wa gida, ni na sani. Ka zauna kana neman 'yata, ka ga ni ne, ka ga dama ta samu, ka bi."

"Da na jefar fa, Baba?"

"Da na ce munafuki ne kai."

"To me ya kamata in yi?"

"Da ka tashi tun da ka gan ni, da wata magana ce."

Ya buɗe ƙofar mota, sannan ya tsaya. "In ka ga dama ka je ka gaya mata inda ka gan ni." Idona ya tafi neman hannunsa na dama da kansa. Yana cikin aljihu.

Ba a yi nisa ba ta kira ni ta ce in same ta a Wheaton. Na tarar da ita a mota a gaban shagon da take sayen daddawa da manja, ledojin suna kujerar baya, ba ta ko cire kayan aiki ba. Na shiga na zauna.

"Baffa ya ce a'a," ta ce. "Na tambaye shi dalili, ya ce in tambaye ka. Baffa bai taɓa yi min ƙarya ba. Mene ne?"

Ka ji dattijo. Ya sake tura duk abin da ke gabansa, wannan karon da 'yarsa a ciki, ya koma gida ya bar ni da shawara.

Na ce, "Ina buga kati. Na kuɗi."

"Wannan na daɗe da sani. Kana zato ban lura wayarka ba ta shiga ranar Talata ba? Na bari ne sai mun zama ɗaya in yi maganinka. Ba shi na tambaye ka ba. Yaya aka yi Baffa ya sani?"

Na karance ta, ai sana'ata ce. Babu burga ko kaɗan a tare da ita. In na faɗa, za ta tada motar nan ta tafi Upper Marlboro ta tsaya a gabansa, kuma za ta aure ni ko da limamin wani gari ne zai ɗaura. Kati mai ci yana hannuna. Amma abin da zan ci da shi shi ne mutumin da ya je ya ɗauko ta ranar da aka binne ubanta, wanda har gobe idan ta ambace shi muryarta takan sauya. Zan zauna da ita shekara da shekaru ina kallon wurin da na cire shi. Kuma shi ya san zan yi wannan tunanin, ya san shi tun kafin in yi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

"Ka ɗago ka dube ni," ta ce. "Ni ba Baffa ba ce."

Na ɗago. Na ce ba zan iya faɗa ba.

"Caca zan iya yaƙi da ita," ta ce. "Amma namijin da zai dube ni ya kulle bakinsa, wannan ban san ta inda zan kama ba." Ta miƙa hannu ta buɗe min ƙofa daga ciki. Na fita na tsaya a gaban shagon, wani ɗan Ghana yana sauke doya daga mota yana ce min in matsa.

Daga baya na sha juya wannan zagayen a raina, fiye da na gomomin. Wata rana in ce daidai na yi, wata rana in ce tsoro ne kawai na sa masa babbar riga. Safiya ta fi min wuya, lokacin da wayar ta saba ƙara.

Ta auri wani likita ɗan Zariya, mutumin kirki, abin haushi, na neme shi da aibi ban samu ba. Na je ɗaurin auren, domin a cikin jama'armu ta nan rashin zuwa ya fi zuwa surutu. A wani zauren haya aka yi a Upper Marlboro, an shimfiɗa dardumai, maza sun cika. Baffa ya zauna kusa da liman cikin farar babbar riga, ni kuma ina sahu na biyu, kaina a sunkuye kamar kullum. Da aka nemi waliyyi ya yi magana, sai ya gyara murya ya ce amana ce ɗan'uwansa ya bar masa, ya yi bincike iyakar iyawarsa, kuma Allah shaida ne bai taɓa raba yarinyar nan da wani abu da yake alheri gare ta ba.

Jama'a suka ce madalla. Ni ina kallon hannunsa na dama a kan gwiwarsa. Babban yatsan yana tafiya, gaɓa bayan gaɓa, daga ƙaramin zuwa manuni, ya dawo.

A duk zauren ni kaɗai na san inda ake kallo. Ko hannun ne ya sake yi bai sani ba, ko kuwa ya san ina wurin ya yi don ni, ban sani ba, kuma ba ni da sauran abin da zan bi shi da shi. Aka shafa fatiha, na shafa. Da aka zo rabon goro da dabino, ya ɗebo da kansa ya miƙo ta kan kafaɗar na gabana, da wannan hannun. Na sa hannu biyu na karɓa.